Shekarar da Aka Canza wa Kurciya Kuloci

Ranar sunan ɗiyar Safiya ina zaune a ɗaki ana ta shigowa yi mani barka, sai na jiyo ta a tsakar gida tana ba ƙawayenta labari suna dariya. Cewa take yi wai tun da Babanku ya kwanta ciwo na karɓe makullin mota daga hannunshi, bai ƙara riƙe sitiyari ba har ya koma ga Mahaliccinshi. Na san ba da mugun nufi ta faɗa ba, a ganinta ma yabona take yi. Amma maganar ta tsaya mani a rai, don ba haka aka yi ba, kuma na lura dukanku haka kuka ɗauka. Ba laifinku ba ne. A shekarar babbanku yana wajen aiki a kudu, Safiya da Umar suna makarantar kwana, kun dawo hutu ne kawai kuka ishe uwarku tana tuƙi. To ga yadda abin ya faru.

Motar dai kun san ta, a cikinta kuka girma. Malam ya saye ta ne ta hannu tun yana malamin gona, lokacin da aikinshi shi ne bin ƙauyuka yana duba gero da wake da gyaɗa. Doguwa ce mai faɗin baya, launin toka, shi ya sa ya raɗa mata suna Kurciya. Babu abin da ba ta ɗauka ba: buhunan hatsi, ragon layya, kayan ɗakin amaren unguwa, masu naƙuda, masu zuwa gaisuwar mutuwa. A Ƙofar Marusa idan aka ji tarinta da safe an san Malam Lawal zai fita, masu son a rage masu hanya sai su fito bakin lungu su tsaya. Abu guda ne ba ya yi, ba ya ba kowa tuƙinta. Ko ɗan'uwa ne ya zo aro, sai ya tambaye shi inda za shi, ya ɗauki hula ya kai shi da kanshi. Shi ke wanke ta, shi ke duba mata ruwa da baƙin mai, in wani abu ya kwance ya ɗaure. Ko gareji ya kai ta, shi zai shigar da ita shi zai fito da ita. Saboda haka ƙafar kowa ba ta san motar nan ba sai tashi.

Bai daɗe da yin ritaya ba ciwon ya same shi. Cikin zafin bazara ne, yana alwalar azahar a bakin rijiya, na ji buta ta faɗi. Hawan jini ne ya shanye mashi ɓarin hagu. Allah ya taƙaita, bakin ya dawo daidai, hannun ma ya saki, amma ƙafar ta tsaya tana ja. Aka ce sai an riƙa kai shi gashi asibiti. Haka muka dinga zuwa a kurkura, mai ƙafa ukun nan, ni da mai kurkurar muna ɗaga shi muna cusa shi, rami ya jijjiga shi ya cije leɓe. Duk da haka bai karaya ba. Yana yin duk abin da aka ce ya yi, har ya fara takawa da sanda, yana tsokanata yana cewa in shirya, ya kusa kai ni gidanmu a Kurciya kamar amarya.

Wata safiya ya karya kumallo ya ce in miƙo mashi makulli. Motar tana inda ya bar ta, ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Na tsaya daga cikin zaure ina leƙe. Ya shiga ya murza makulli, ta tashi bayan ɗan tari. Sai na ga ya dafe sitiyari da hannu biyu yana danna kuloci, jijiyoyin wuyanshi sun miƙe, zufa na keto mashi. Giya ta yi wani irin gurnani kafin ta shiga. Da ya fara ɗaga ƙafa sai motar gaba ɗaya ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, ta yi tsalle gaba ta mutu. Ya sake, ta sake yin haka. Ya yi ta gwadawa har maƙwabta suka fara fitowa. Daga nan ya kashe, ya fito, ya wuce ni a zaure, ya rataye makullin a ƙusa.

"Kulu," ya ce mani, "ƙafar ta mutu. Rawarta har motar take girgizawa."

Daga ranar gidan ya yi shiru. Ya daina zuwa gashi, ya daina fita majalisar abokanshi, masallacin da ke bakin lungu ma ya ce nisa yake yi mashi. Mutumin da in na kai mashi tuwo sai ya ce miyar ta yi kama da ta masu fushi, ya koma in ajiye in ɗauke ba kalma. Ina ɗinki a keke ina jin numfashinshi a ɗaki, ba barci yake yi ba, kwance kawai yake yana kallon rufi.

Yayarshi Hajara, wadda kuke kira Goggo, ita ta rene shi tun rasuwar mahaifiyarsu, kuma har ya yi furfura kallon yaro take yi mashi. Kullum sai ta taso daga Ƙofar Kwaya da ɗan kwanon fura ta zo duba shi. Ita ta fara cewa a sayar da motar, don ganinta a ƙofar gida shi ke ci mashi rai. Malam ya ce duk yadda ta gani. Ni ma ban musa ba, don a lokacin na ɗauka gaskiyarta ce. Sai ta aika wa Ɗanjuma ya zo ya kai ta wajen dillalai.

Ɗanjuma ɗan kawunsu ne, taubashin Malam, bakanike ne mai gareji a can wajen Ƙofar Kwaya. Ƙato ne, irin mutanen da ke rungumar inji su ɗaga. Tun suna yara ba su haɗuwa ba su yi wa juna tsiya ba, kowa na cewa shi ne ubangidan wani. Malam ya sha rantsuwa cewa ko keken yara ba zai ba Ɗanjuma gyara ba, balle Kurciya. Ni kuwa matarmu yake ce mani. Ranar da ya zo bai yi wasa ba. Ya gaida Malam daga bakin ƙofa, ya karɓi makulli a hannuna ya fita. Na bi shi zuwa zaure don in yi wa motar kallon ƙarshe.

Ya tayar da ita, ya danna kuloci, na ga ya ɗan yamutsa fuska. Giya ta yi gurnanin nan. Ya fara ɗaga ƙafa, sai ga Kurciya tana karkarwa, ta yi tsalle ta mutu, daidai yadda ta yi wa Malam. Ban san lokacin da na fito waje ba, mayafi a karkace.

"Malam Ɗanjuma, kai ma ƙafarka ciwo take?"

"Wace ƙafa, matarmu? Ƙafata lafiya lau. Kulocin nan ne ya ƙare, taurinshi kamar ana taka dutse. Wannan rawar kuwa daga filawil take, ƙarfen da kulocin ke kamawa, ya ƙone. Yaushe rabon da a buɗe cikin motar nan?"

"Ba a taɓa buɗewa ba."

Ya zare makulli ya dube ni, na dube shi. Na ga ya gane abin da ke raina tun kafin in faɗa.

"Kada ka kai ta ko'ina," na ce. "Gyara ta za ka yi, kuma a nan ƙofar gida."

A tsawon zamana da Babanku ban taɓa warware maganar da shi da yayarshi suka ƙulla ba sai ranar. Na shiga na gaya mashi abin da na gani da idona. Ko juyowa bai yi ba.

"Kada ku haɗa baki ku yi mani wasa da hankali, Kulu. Ni na san jikina."

Da la'asar na tafi gidan Yaya Hajara da ƙafata, don kada ta ji a bakin wani. Muka gaisa, na tambayi gwiwarta, ta tambayi mai jiki, sannan na faɗa mata. Ta ajiye carbinta ta dube ni.

"Hauwa'u, na ji motar ce ba lafiya. To in an gyara ya hau ya kasa fa? Yanzu yana da abin da zai ɗora wa laifi ko da a ranshi ne. Ranar da kika gyara ta, kin ɗauke mashi wannan. In ya sake faɗuwa, ke za ki ɗaga shi?"

Na ce mata dai ba zan iya bari ya ci gaba da yarda da abin da ba gaskiya ba game da jikinshi. Ta ce to, ta ji, tunda na fi ta sanin ƙanenta. Har na fito ba ta ce in gaida gida ba. Ina so ku san cewa tambayar da ta yi mani tambaya ce ta mai hankali, kuma ta bi ni har ranar da aka gama aikin.

Adashina ya fito a watan, da shi aka sayo kayan. Ɗanjuma ya zo da abokin aikinshi wani dattijo mai suna Isiya, suka ɗaga motar da jak suka tokare ta da guma-guman itace, suka shimfiɗa kwali a ƙasa suka shige ƙarƙashinta. Ashe kafin a kai ga kuloci sai an kwance dogon ƙarfen da ke juya tayun baya, sannan a sauke giyabos ɗungurungum, wato tukunyar da giyoyin ke ciki. Suna nishi suna salati suka zaro ta suka kwantar a kan katako. Duk wannan abin Malam yana ɗaki ya ƙure rediyo don kada ya ji. Ɗanjuma kuwa da ya ciro farantin kulocin ya ga yadda ya cinye har ƙusoshinshi sun fito, sai ya ɗaga murya yadda duk lungun zai ji.

"Isiya, zo ka ga zalunci! Wane mugun direba ne ya yi wa baiwar Allah nan haka? Wannan ai ko jaki aka ba shi sai ya karya mashi baya!"

Na ji an rage rediyo. Can sai muryar Malam daga ɗaki.

"Kulu, ce wa wancan mai fasa motocin mutane ya tashi mani daga ƙofar gida."

Na tsaya da tsintsiya a hannu, idona ya cika. Rabon da in ji wannan muryar tun safiyar da ya rataye makulli. Ɗanjuma ya ce bawa ba ya korar ubangidanshi, in ya isa ya fito ya kore shi da kanshi. Ba a jima ba na ji ƙarar sanda a tsakar gida. Na riga shi fita da kujera na ajiye a inuwar darbejiya, ya zauna yana hura hanci kamar dole aka yi mashi.

A lokacin sun kwance filawil ɗin. Faifan ƙarfe ne mai nauyi kamar dutsen niƙa, da haƙora kewaye da bakinshi, a jikinshi farantin kuloci ke mannewa mota ta tafi. Ɗanjuma ya shimfiɗa buhu a cinyar Malam ya ɗora mashi. Fuskar ƙarfen ta yi tabo-tabo shuɗi da baƙi, ga zane-zane kamar an bi da wuƙa, ga ƙananan tsagu. Malam ya riƙa bin shi da yatsu a hankali.

"Ka ji tudu da kwarin nan?" Ɗanjuma ya ce, wannan karon ba wasa a muryarshi. "Faranti in ya zo kamawa sai ya kama nan ya zame can. Shi ne rawar da ka ji. Ni ma da ƙafata mai lafiya haka ta yi mani, tambayi matarka."

"Taurin fa?"

"Ya daɗe yana taruwa. Kullum yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, ƙafarka na biye mashi ba ka sani ba. Da ka kwanta ka tashi sai ka ishe shi gaba ɗaya."

Malam ya ƙara shafa ƙarfen. Da aka ɗauke ƙarfen daga cinyarshi sai ya ce a miƙo mashi kwanon kalanzir da notuna, wai ba zai zauna yana kallo a mayar mashi da datti cikin mota ba. Ya wanke su ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan tsumma.

Aikin bai tafi yadda muka so ba. Filawil ɗin da aka fara kawowa haƙoranshi ba su dace ba, sai da aka mayar aka sa a nemo wani daga Kano. Kurciya ta zauna a kan itace cikinta a buɗe, ga damina ta faɗi, muka lulluɓe ta da tamfol. Yaya Hajara takan zo ta wuce ta gefenta ba ta kalle ta ba. Ni kuwa kullum ina tuna tambayarta. Amma a cikin wannan jiran ne wata safiya Malam ya ce in aika a kira mai kurkura, za shi gashi. Da ya dawo ya sa na jingina mashi buhun gero a bango, ya zauna a tabarma yana tokarar shi da ƙafar hagu, ya danna ya saki, ya danna ya saki, har rigarshi ta jiƙe.

Da kayan suka iso, Ɗanjuma ya goge fuskar sabon ƙarfen da fetur har tana ƙyalli, ya hana kowa taɓawa da hannu mai maiƙo. Yana ɗaure notunan yana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan don ya zauna daidai, Malam na sama yana ba shi umarnin da ba ya buƙata. Da aka zo ɗora farantin sai ya leƙo daga ƙarƙashin mota fuska duk baƙin mai.

"Matarmu, ba ni aron muciyarki."

Na zaci tsokana ce. Ashe sai an zura wani abu a tsakiyar farantin ya riƙe shi daidai kafin a ɗaure murfinshi, in ba haka ba giyar ba za ta koma ba, kuma ya manto nashi ƙarfen a gareji. Ya fere mani kan muciya da wuƙa ya yi aikinshi da ita. Ranar, da muciyar maƙwabta na tuƙa tuwo, Malam ya ci ya ce miyar ta yi kama da ta masu fushi.

Safiyar da ya gwada ta an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Ya yi wanka ya sa babbar riga da hula, ya ce in ɗauko mayafina. Na nufi ƙofar baya yadda na saba, don gaba ta maza ce ko ta babbanku, sai ya miƙa hannu ya buɗe mani ta gaba. Ya yi bisimilla ya tayar. Na kasa kallon ƙafarshi, na kafa ido a kan darbejiya. Ban ji gurnani ba, ban ji karkarwa ba, sai kawai na ga itacen yana wucewa baya. Kurciya ta zare kamar an zuba ruwa a gangare. Malam ya yi wata dariya da ban taɓa jin irinta ba, ya bugi sitiyari da tafin hannu. Masu shaguna suka riƙa ɗago hannu, ana Malam an samu lafiya, Allah ya ƙara sauƙi, yana amsawa da hon. Ya ce Ƙofar Kwaya za mu, Yaya ta gani da idonta.

Mun fita babban titi lafiya, ya canza giya ya sake canzawa. Muna dab da shataletale wata mata da goyo a baya ta fito daga bayan wata motar haya ta shigo titi. Ƙafar dama ta taka birki nan take. Ta hagu ba ta tashi daga inda take ba. Motar ta yi tsalle biyu gaba kafin ta mutu, hancinta ya kusa taɓa zanen matar. Ita ko waiwayowa ba ta yi sosai ba, ta gyara goyonta ta wuce. Na ga Malam ya sa hannu ya kamo gwiwarshi ya ɗora ƙafar a kan kuloci. Ya tayar, ya gangara gefen titi ya kashe. Motoci suka riƙa wuce mu.

"Kin gani?" ya ce.

"Na gani, Malam."

"Motar ta warke. Ƙafar ma tana jin magana, amma a makare take ji. Ba zan ɗora ran ɗiyan mutane a kanta ba."

Na ce a raina shi ke nan, abin da Yaya ta faɗa ya tabbata, ni na jawo. Na fara ba shi haƙuri, sai ya juyo yana dubana da mamaki.

"Haƙurin me? Ni da na ɗauka ta mutu ɗungurungum, yau ga shi ta kawo ni tun daga ƙofar gida har nan. Yanzu na san iyakarta, ba zato nake ba." Ya duƙar da kai ya kalli ƙafafuna. "Ke taki me take yi ban da taka keken ɗinki?"

"Haba Malam, da girmana?"

Ya zare makullin ya kamo hannuna ya sa mani a tafi ya rufe da nashi.

"Zan kira Ɗanjuma ya mai da mu gida. Amma daga hannunki zai karɓa, kuma ke zai mayar wa."

To kun ji. Ya tuƙa ta bayan ciwon, ya tuƙa ta da kyau, kuma shi ya sauka don kanshi. Makulli ba karɓa na yi ba, ba ni aka yi, ina cewa ba na so.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Ɗanjuma kan kai mu wani filin ƙwallo a bayan gari da hantsi ya bar mu. Babanku da kuka sani mai sanyin hali, a kujerar malami wani mutum ne daban. In na saki kuloci da ƙarfi motar ta mutu sai ya dafe kai ya ce sabon faranti zan ƙone mashi. Wata rana na fashe da kuka na ce na fasa, na fita na zauna a kan dutse. Ya dogara sanda ya biyo ni ya tsaya a kaina.

"Kulu, kin tuna yadda kike sauke jariri daga baya in ya yi barci? Ba sakin shi kike yi ba, ba kuma riƙe shi kike yi ba. To haka za ki yi da ƙafar."

Na koma na gwada, ta tafi. Daga nan abin ya fara zama. Kafin kaka na samu lasin, na fara kai shi gashi da kaina, na kai shi majalisa in dawo in ɗauke shi.

Abin da ya biyo baya shi ne ban shirya mashi ba. Mata masu aikin ofis suna tuƙi a gari, ba baƙon abu ba ne, amma ba matar cikin lungu mai shekaruna ba, mijinta zaune a gefe. Ɗanjuma ya laƙaba mani Kulu mai kuloci don wasa, sunan ya fita daga bakinshi ya shiga bakin waɗanda ba wasa suke ba. A gidan biki in na shiga sai a ce a matsa wa direba. Yayana na ciki ɗaya ya zo har gida ya ce ina zubar masu da mutunci. Duk wannan bai dame ni ba kamar na Yaya Hajara. Matar da ta yi mani wankan jegon dukanku ta daina shiga tsakar gidana. Takan zo ta gaida ƙanenta a zaure ta juya. Sau ɗaya na tare ta na durƙusa, ta ce mani:

"Na ce a sayar kin ƙi. Yanzu ga shi kin mai da shi kaya, kina yawo da shi gari na kallo."

Na san ba ƙina take ba, ganin shi a kujerar gefe ne ba ta iya jurewa. Amma sanin hakan bai rage mani zafi ba. Salla ƙarama ta wuce, babba ta wuce, tuwon da na aika mata yakan dawo da murfinshi yadda na rufe. Malam ya so ya yi mata magana na hana shi, don ban so ta shigo gidana saboda an tilasta mata.

Sai da wata damina ta zagayo aka aiko wa Malam da Yaya Hajara labarin rasuwar wata ƙanwar mahaifinsu a Rimi. Da safe ina goge gilashi Malam na zaune a gaba, sai ga Yaya Hajara ta ɓullo daga bakin lungu tana ɗingisa gwiwa, da ƙullin goro a hannu. Ta gaida ƙanenta, suka yi wa juna ta'aziyya. Ni ba ta dube ni ba. Ta buɗe ƙofar baya da kanta ta shiga ta zauna, ta ɗora ƙullin a cinya. Na shiga na yi bisimilla na tayar.

Muka fita gari. Ina ganinta a madubi, ta riƙe kujerar gaba da hannu biyu, bakinta na motsi. Da muka miƙi hanya gero ya yi kore dama da hagu, sai na ga ta saki kujerar ta leƙo tana kallon ƙasa wajen ƙafafun Malam. Ashe duk sa'ad da na kai hannu zan canza giya, ƙafarshi ta hagu sai ta danna tabarmar motar ta saki tare da tawa. Ni ban taɓa lura ba sai ranar, shi ma ina jin bai san yana yi ba. Ta daɗe tana kallo.

"Lawal," ta ce, "wai tsakaninku wa ke tuƙin nan?"

"Ita ce, Yaya. Ni taya ta kawai nake yi."

Na ji ta ja hanci ta goge ido da bakin mayafi. Can sai na ji hannunta a kafaɗata, ta ajiye mani ɓarin goro a cinya.

"Hauwa'u, ɗan ƙara wuta mana. In kika ci gaba da wannan rarrafen sai mu ishe an watse."